Ɗamarar Van Allen ce ko ta Vernov?

Malam Sani: Jama'a, ni dai a ganina an danne wa Sobiyet haƙƙi. Ɗamarar nan ta ƙwayoyi masu caji da maganaɗisun duniya ya riƙe a sama, sunan masanin kimiyyar Amurka James Van Allen aka liƙa mata. Alhali tauraron ɗan'adam na Sobiyet, Sputnik 2, ya tashi 3 ga Nuwamba 1957, na Amurka kuwa, Explorer 1, mai ɗauke da na'urar Van Allen, sai ƙarshen Janairun 1958. Kuma ba karyar nan Laika kaɗai ya ɗauka ba, har da na'urar ƙidayar ƙwayoyi ta masanin Sobiyet Sergei Vernov, kuma ta nuna ƙaruwarsu.

Habiba: Ta nuna ƙari, amma me ya fassara shi da shi, Malam? Ya ɗauka aikin rana ne.

Malam Sani: Ai dai shi ya fara gani.

Injiniya Bala: Gani daban, ganewa daban, Malam. Sputnik 2 ba shi da rikoda. Sai yana saman ƙasarsu suke jin sa, a lokacin kuma yana ƙasa-ƙasa, gefen ɗamarar kawai yake taɓawa.

Auwalu: To ai Explorer 1 ma ba shi da rikoda, Yaya Bala.

Injiniya Bala: Haka ne ƙanena, nan ma abin ya fi daɗi. Na'urar Geiger ɗinsa, wato mai ƙidayar ƙwayoyin, tana ƙirga daidai a ƙasa-ƙasa, da ya yi nisa sama sai ta koma sifili tsit. Wani sai ya ce ta lalace. Da Explorer 3 ya tashi 26 ga Maris ɗauke da ƙaramin rikodan da George Ludwig ya haɗa, aka ga zagaye guda cur: ƙidaya ta hau, ta hau, ta faɗi sifili, ta dawo. A Jami'ar Iowa Carl McIlwain ya haska wa irin na'urar hasken X mai ƙarfi, ita ma ta yi shiru. Ashe yawan ne ya shaƙe ta, kamar mazurarin da aka tuttula wa mai.

Habiba: Ranar 1 ga Mayu 1958 Van Allen ya sanar da gano ɗamarar. Sputnik 3 bai tashi ba sai 15 ga watan, rikodansa kuma ya ƙi aiki.

Malam Sani: Na ji, sanarwa tasa ce. Amma ɗamara biyu ce, ta ciki da ta waje. Abin da Vernov ya taɓa ta wajen ce. Me ya hana a raba sunan?

Auwalu: Wannan kam ina bayanka, Malam.

Habiba: Ni ban yarda ba. Vernov ya rubuta cewa ƙwayoyin a tsare suke cikin maganaɗisun duniya kafin Mayu? In akwai takardar, a kawo mu gani.