Neman shawara: na tsinci ƙwayar kaifafa ƙwaƙwalwa a ɗakin ɗana

Wata uwa daga Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana shekara ta uku a jami'a, jarrabawa kuma saura mako biyu. Jiya ina gyara masa shimfiɗa na tsinci kwalin magani a ƙarƙashin filo, an rubuta Modafinil a jikinsa. Da na tambaye shi, ya ce ba ƙwayar maye ba ce, barci take korewa ta tattara hankali, kuma idan bai sha ba abokan karatunsa da ke sha za su bar shi a baya. Har ya ce, "Umma, ai Baba ma da goro yake kwana a kan hanya." Bakina ya mutu. Shin wannan maguɗi ne ko taimakon kai?

Mai kemis a Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A 1998 aka amince da wannan magani a Amurka domin masu larurar da barci ke kwashe su da rana tsaka ba shiri, kuma likita ne yake rubuta shi. Yana iya jawo ciwon kai da fargaba da rashin barci. Abin da yaron ya manta shi ne, a cikin barci ne karatu yake zama a ƙwaƙwalwa, don haka wanda ya kwana uku idonsa biyu yana zuba ruwa ne a kwando.

Malamin Islamiyya a Mile 12:
Hajiya, a bambanta gyaran abin da ya samu naƙasa da ƙari a kan lafiyayye. Ga misali: Na'urar da kamfanin Neuralink ya dasa a ƙwaƙwalwar wani mutum a Janairun 2024, wanda gaɓoɓinsa suka shanye aka yi wa, har ya iya sarrafa kwamfuta da tunaninsa. Wannan gyaran naƙasa ne. Ɗanki lafiyarsa ƙalau, kuma ƙa'idar shari'a ita ce babu cuta babu cutarwa.

Ɗaliba daga Akoka:
Allah gafarta Malam, ni adalci ne ya fi damuna, domin mai kuɗi ne zai iya saye, alhali jarrabawa ɗaya za mu rubuta da ɗan mai tura baro. Umma, kada ki yi masa faɗa ya koma sha a ɓoye. Ki ɗauki kwalin ku je wurin likita tare, ki kuma tambaye shi wanda ya sayar masa ba da takarda ba.