Muhawara: Joseph Yobo ne ɗan bayan da ya fi kowa a tarihin Najeriya?

Ɗan Goodison: Jama'a, ni dai na tsaya a kan magana ɗaya: Najeriya ba ta taɓa yin ɗan baya kamar Joseph Yobo ba. Wasa 101 ya buga wa Super Eagles daga 2001 zuwa 2014. Ya je kofin duniya sau 3, a 2002 da 2010 da 2014, kuma shi ya ɗaga kofin Afirka a 2013 a matsayin kyaftin. A kakar 2006/07 bai rasa ko minti ɗaya ba a Firimiya, wasa 38 cur, wato minti 3,420, kulob ɗinsa Everton ta ƙare ta 6 da ƙwallo 36 kacal a ragarta. Wanda yake da wanda ya fi shi, bisimilla.

Baba Lamba Biyar: Yaro, yawan wasa daban, girma daban. A zamanin Christian Chukwu ba a buga wasannin ƙasa da yawa kamar yanzu. Chukwu yana Enugu Rangers ya ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1977, sannan ya ɗaga wa Najeriya kofin Afirka na farko a Legas a 1980, yana cikin fili daga farko har ƙarshe. Shi kuwa naka, a 2013 a benci ya yi yawancin gasar. Kenneth Omeruo da Godfrey Oboabona ne suka riƙe tsakiyar baya. A wasan ƙarshe da Burkina Faso sai dab da tashi aka sako shi, ya canji Sunday Mba. Wasu suka yi noma, shi ya zo ɗaukar dami.

Koci: Baba, a yi masa adalci a nan. Wanda ya ajiye shi a benci ai kocin tawagar Stephen Keshi ne, kuma abin da ya sami Keshi ke nan a 1994. Shi ne kyaftin a suna, amma Augustine Eguavoen ne ya ja tawagar a wasan ƙarshe da Zambiya, Uche Okechukwu na tsakiya. A kofin duniya na Amurka ma wasa ɗaya Keshi ya buga, da Girka. In bencin 2013 ya rage wa Yobo daraja, to na 1994 ma ya rage wa Keshi.

Baba Lamba Biyar: Na ji wannan, Koci. Sai dai Keshi yana da abin da Yobo bai taɓa samu ba: ƙwallo a ƙafa. Yana iya ɗaukarta daga baya ya tsallake 'yan tsakiya da doguwar fasin guda, ta sauka gaban ɗan gaba. Kulob ɗin Anderlecht na Beljiyam bai ɗauke shi don ƙarfi kawai ba.

Koci: To a nan ne maganar take, bari in warware ta. 'Yan tsakiyar baya biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ɗaya yana fita ya tari ɗan gaba, ya yi tsalle da shi, ya hana shi juyawa. Ɗayan yana ja baya taku 3 zuwa 5, a karkace, yana jiran ƙwallon da za ta zille ko wadda za a cilla ta bayansu. Yobo na biyun ne. Gudunsa shi ne jarinsa. Idan kana da mai gudu irinsa, za ka iya tura layin baya har kusa da tsakiyar fili, ka matse wurin da abokan hamayya za su yi wasa, domin ko an jefa ƙwallo ta sama zai riga ɗan gaba isa. Shi ya sa David Moyes, kocin Everton na lokacin, ya fara da shi. Shi ne ɗan wasa na farko da ya ɗauko a Everton, aro daga Marseille a 2002, aka saye shi a 2003.

Matsalar mai gudu kuwa sananniya ce. Yakan dogara da ƙafarsa har ya yi sakaci da tsayuwa. Zai bar tazara tsakaninsa da abokinsa ta wuce yadi 10 ko 12, ko ya tsaya kallon ƙwallo ɗan gaba ya zame ta bayan kafaɗarsa. Yana matashi zai gyara kuskuren da gudu, ba wanda zai lura. Ranar da gudun ya ragu, kuskuren nan dai shi ne zai fito fili. Kuma ba shi da murya irin ta masu tsara baya, masu yi wa kowa tsawa su daidaita layin satar gida. Ya fi kyau idan akwai mai magana a gefensa.

Mai Lissafi: Koci ya faɗi gaskiya, kuma tarihin Everton ya nuna haka. Kakar da suka fi yin kyau a zamanin Yobo, 2004/05 da suka zo na 4, David Weir da Alan Stubbs ne Moyes ya fi dogaro da su a tsakiyar baya, tsofaffi biyu marasa gudu amma masu sanin wurin tsayuwa. Da Joleon Lescott da Phil Jagielka suka haɗu sai suka zama zaɓi na farko. Yobo ya fara wasan ƙarshe na kofin FA da Chelsea a 2009 ne bayan Jagielka ya ji rauni a gwiwa. Daga baya Sylvain Distin da John Heitinga suka zo, a 2010 aka ba da Yobo aro ga Fenerbahçe ta Turkiyya.

Ɗan Goodison: Malam, wasan ƙarshen nan da ka ambata, duba ta inda aka ci su. Louis Saha ya ci wa Everton a daƙiƙa 25. Chelsea ta farke ne ta gefen Tony Hibbert, Malouda ya yi kuros, Drogba ya sa kai. Har Moyes ya cire Hibbert a hutun rabin lokaci. Ta biyun Lampard ne daga wajen yadi na 18. Ina laifin Yobo? Kuma zuwansa Turkiyya ba faɗuwa ba ce. A kakarsa ta farko, 2010/11, shi da Diego Lugano suka riƙe baya, Fenerbahçe ta ci gasar da maki 82 daidai da Trabzonspor, kuma ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe da suka doke Sivasspor 4 da 3.

Mai Lissafi: Kofin da badaƙalar sayar da wasa ta biyo baya, har aka hana kulob ɗin shiga gasar zakarun Turai ta 2011/12. Ba na ɗora wa Yobo komai a ciki, amma a faɗi duka. In kuma Fenerbahçe ce ma'auni, Uche Okechukwu ya shafe shekara 9 a can, daga 1993 zuwa 2002. Ya ci kofin Afirka a 1994 yana fili, ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Ni Uche nake sawa gaba. Ba ya zamiya sai dole. Yakan ja da baya a hankali, ya karkata jikinsa ya kora ɗan gaba zuwa ƙafarsa marar ƙarfi, sai ƙwallo ta ɗan yi nisa da shi sannan ya sa ƙafa.

Yaya Babba: Duk kun tsallake Taribo West saboda kitsonsa. Mutumin da ya ci lig da kofin Faransa da Auxerre a 1996, ya ci kofin UEFA da Inter a 1998, a lokacin da Italiya ce makarantar 'yan baya. In ana maganar riƙe mutum ɗaya kar ya numfasa, babu kamarsa. Illarsa kati. A wasan ƙarshen nan da Lazio ma jan kati ya karɓa.

Baba Lamba Biyar: Ka ga ko nan an samu mutum 4 da za a sa a gabansa. Kuma da me Yobo ya yi sallama? Da cin gida a wasan Faransa a kofin duniya na 2014.

Koci: Haba Baba, wannan ba hujja ba ce. Ana dab da tashi, Pogba ya riga ya ci mu ɗaya bayan golanmu Enyeama ya kasa cafe kwana. Faransa ta buga gajeriyar kwana, Valbuena ya turo ta ƙasa da ƙarfi zuwa bakin raga, Griezmann na shigowa. Ɗan baya a wannan hali yana gudu ne fuskarsa na kallon ragarsa. In ya bari, na gabansa zai tura. In ya sa ƙafa, ba shi da ikon zaɓar inda za ta nufa. Kuskuren ya faru tun a kusurwa, da ba a tura mutum 2 su tari gajeriyar kwanar ba. Kuma a tuna gasar ma daga benci ya fara ta, sai da Oboabona ya ji ciwo a wasan Iran ya shigo, aka tashi babu ci, wasan Bosniya ma ba a zura mana ko ɗaya ba.

Ɗan Goodison: Ƙari a kan haka, ƙwallo ɗaya tilo da muka ci a kofin duniya na 2002, wadda Julius Aghahowa ya sa wa Suwidin da ka, Yobo ne ya yi kuros ɗin daga dama. Lamba 2, lamba 5, har tsakiya, duk ya buga.

Yaya Babba: Ƙanena, in kuros muke ƙirgawa sai a kira Celestine Babayaro da Taye Taiwo, mu buɗe sabon babi. A tsaya a 'yan tsakiya. Koci, kai da za ka fitar da biyu gobe, su wa za ka sa?

Koci: Uche da Yobo. Uche ya tsara layi ya yi magana, Yobo ya share abin da ya wuce. Taribo na benci, sai ranar da aka haɗu da ɗan gaba irin Drogba.

Baba Lamba Biyar: Chukwu da Keshi kuma su zauna su kalla? Allah ya kyauta. Koci, da sake.