Harafi ɗaya, fuska biyu: me za mu kira «glyphe» da Hausa?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Ina ganin na samo ta, amma sai kun sa baki.

Ina da shagon zana katin biki da allunan talla a Yamai, kusa da kasuwar Wadata. Shekaranjiya wata hajiya ta kawo aikin katin auren ɗiyarta, ta ce tana son sunan amarya ya fito da ado. Na buɗe manhajar zane ta Illustrator, na shiga tagar da aka rubuta wa «Glyphes», na cire harafin a na ƙarshen sunan, na sa wani mai doguwar jela da ta lanƙwaso ta kwanta ƙarƙashin sunan duka. Yaron shagona yana tsaye a bayana. Ya ce, "Maigida, wannan wane harafi ne?" Na ce a ne. Ya sa yatsa kan wanda na cire, ya ce, "To wannan fa?" Na ce shi ma a ne. Ya ce, "Ke nan a biyu gare mu a boko?" Na buɗe baki in ba shi amsa, Faransanci kaɗai ya fito. Abin ya tsaya mini a rai.

2/ Ga inda gizo ke saƙa. Kalmar harafi muke ɗora wa kaya biyu. K da ƙ haruffa biyu ne: in ka cire ƙugiya daga "ƙasa" ka koma "kasa", magana ta canza. Amma a mai jela da a marar jela harafi ɗaya ne, lambarsu ɗaya a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, mai karatu sauti ɗaya zai furta. Zanen ne ya bambanta. Wannan zanen, da Faransanci ke kira «glyphe», nake nemar wa suna.

3/ Da dare na tuna makarantar allo a Tawa. Malaminmu bai taɓa barin mu ce mim kawai ba. Akwai mim jaye, akwai mim ara. Akwai lam jaye da lam ara, nun ara da nun guda, ga ha kuri. Harafi ɗaya ne, amma ko wace kama ya ɗauka a jikin kalma, tana da sunanta, kuma ɗan shekara shida yana rera su yana bin allo da yatsa. Abin da masu zana haruffa a kwamfuta suka ware wa taga, malamanmu sun daɗe da rarrabe shi da tawada da alƙalamin kara. Sunan da ya tattara su duka ne muka rasa.

4/ Na tambayi abokan sana'a. Wani ya ce siffa. Ba ta yi mini ba, don malaman Hausa sun riga sun ba ta aiki a nahawu. Wani ya ce zubi, amma a shagona zubin rubutu shi ne abin da muke ce wa «police», wato gidan haruffan gaba ɗaya, irin su Charis ko Gabriola. Sura kuwa, kowa Alƙur'ani zai fara tunawa.

5/ Ni na tsaya kan ƙira. Ƙirar harafi.

Mun saba cewa takobi ƙirar Agadas, ko mutum mai ƙirar ƙarfi. Abu ɗaya ne, hannun maƙeri ya ba shi kama. Kuma kafin kwamfuta, haruffan buga littafi da narkakken ƙarfe ake zuba su ɗaya bayan ɗaya, don haka kalmar ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. "Wannan ƙirar ba ta hau da sunan ba, sa wata." Na faɗa wa yaron haka jiya, bai nemi ƙarin bayani ba.

6/ Saura waɗanda ke ɓoye, waɗanda mai zubin ya ajiye don mai so ya zaɓa. OpenType, tsarin da ake gina zubin rubutu na kwamfuta a kai, ya ba da wuri har jeri 20 na irinsu, kuma tun Word 2010 ana iya kunna su ba sai da manhajar zane ba. Wata abokiyar aiki ta ce a kira su kishiya. Na gane nufinta, sai dai a aji "kishiyar kalma" na nufin akasi, su kuwa waɗannan ba gaba suke da juna ba. Na fi son takwara: suna ɗaya, fuska daban. "Duba ko harafin yana da takwara."

7/ Kada a ɗauka maganar ado ce kaɗai. Tsarin rubutun da Nijar ta tabbatar a 1999 ya sa muna rubuta ƴ inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke rubuta 'y, kuma ƙugiyar babban Ƴ takan zo dama a wani zubi, hagu a wani. Maƙwabtanmu masu rubuta Zabarmanci da Fulatanci suna da tasu: babban Ŋ yana da ƙira biyu, ɗaya kamar ƙaramin ne aka kumbura, ɗaya kamar N mai ƙugiya, kuma ta farkon ce aka saba da ita a Afirka. Zubin ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, irin su Charis da Andika, suna barin ka zaɓa. Na taɓa karɓar aikin littafin yaƙi da jahilci da wani wuri ya buga da ƙirar da ɗalibai ba su sani ba, aka dawo da shi a sake. Wanda ya kawo mini ya fi minti goma yana kwatance da hannu a iska, don ba shi da kalmar da zai ce, "Takwarar nake so."

8/ Inda na maƙale shi ne jam'i. Ƙire-ƙire ya riga ya tafi wajen masu ƙirƙira, ba zai dawo ba. A yanzu "ƙirar haruffa" nake cewa, tagar kuma na liƙa mata takarda a gefen allon kwamfuta: tagar ƙira. Malaman Hausa na jami'ar Abdou Moumouni da dattawan madaba'a, in akwai jam'in da kunnenku ya karɓa, ku kawo shi in gwada a shago.