Ƙaiƙayin gero da gashin tsuntsu sun cika baranda, ina mafita?

Mai Baji, Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Keji biyu ne a barandar gidan haya nan Kumasi, ɗaya na baji huɗu, wato ƙananan aku, ɗaya na kokatil biyu, wato aku masu tukku. Abincinsu gero ne da haɗin da ake sayarwa a leda. Sau biyu ake shara a rana, amma kafin la'asar ƙaiƙayi da gashi sun kai ƙofar maƙwabta, ga wata farar ƙura da take kwanciya a kan gilashin taga. Yanzu kuma tururuwa da ɓeraye sun gane hanya. Don Allah masu sani, ta ina zan fara?

Mai Kanari, Asawase:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da kwanon abinci, ka bar tsintsiya tukuna. Baji da kokatil ba sa haɗiye ƙwaya da ɓawonta kamar tattabara. Ɓare ta suke yi da baki, su ci cikin, su saki ɓawon. Yawancin abin da kake sharewa wannan ɓawon ne, kuma ba shi da nauyi, da tsuntsu ya kaɗa fiffike sai ya tashi. Sauran kuma ƙwaya ce mai kyau da suka watsar suna tonon wadda suka fi so. Abin da yake jawo wannan tonon shi ne cika kwano har baki.

Baji ɗaya cokalin shayi ɗaya da rabi zuwa biyu yake ci a wuni. Huɗun nan naka cokali 8 ya ishe su, ka raba a kwano biyu don kada mai ƙarfi ya tare. Kokatil kuwa cokalin cin abinci ɗaya da rabi zuwa biyu kowannensu. Kwanon ya zama mai zurfi, kamar santimita 6 zuwa 7, abincin kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfinsa. In tsuntsu ya sunkuya ciki yana ci, ɓawon a ciki yake zuba. Ka sauko da kwanon ƙasa-ƙasa a kejin, domin abin da ya faɗo daga sama nesa yake zuwa. Amma kada ya zauna ƙarƙashin sandar da suke kwana a kai, kashi zai sauka ciki.

Ka kula da abu ɗaya in ka koma kwano mai zurfi. Ɓawo yana taruwa a sama ya rufe ƙwayar, kai kana ganin kwano cike, tsuntsu kuwa yana kwana da yunwa, ƙaramin tsuntsu kuma ba ya jure yunwar kwana biyu. Kowace safiya ka fitar da kwanon waje, ka juye a faifai ka sheƙe, ka mayar da mai kyau ka ƙara sabo. Geron da ka auno a olonka, gwangwanin awo, daga kasuwa ma ka tankaɗe shi da rariya ka sheƙe kafin ka adana. Ƙura da tsakuwar da za su fita za su ba ka mamaki.

Maman Ɗinki, Sabon Zongo:

Malam ya faɗi gaskiya a kan kwano. Abin da ya saura ana tare shi da zanen keji. A samu tsohon gidan sauro wanda ba a saka wa magani ba. Wanda ake rabawa a asibiti akwai maganin ƙwari a jikinsa, kada a kusantar da shi da tsuntsu ko an wanke shi. Labulen net na gwanjo a kasuwar Kejetia ma yana yi.

A auna kewayen kejin a ƙara santimita 10. Tsawonsa santimita 20 zuwa 25 ya isa, wato ya haura bakin kwano da kamar faɗin tafin hannu. A naɗe bakin sama da na ƙasa a ɗinke, a zura roba irin ta wando, a yanka robar ta gaza kewayen kejin da kashi ɗaya cikin biyar don ta kama. Bakin ƙasa ya shige ƙarƙashin gindin kejin kaɗan, ya zama kamar aljihu. In ya tsaya a gefe kawai, ɓawon zai zame ta ƙasa ya faɗo, an yi aikin banza. A ɗinka biyu, ana wanke ɗaya ana sa ɗaya. Kowane kwana biyu a cire a kakkaɓe a bayan gida, domin in aka bar shi da damina ƙwayar da ta maƙale tana jiƙewa ta yi fumfuna.

Kada a bar zare ko ɗaya yana reto. Yana naɗe yatsan tsuntsu ya tsayar da jini.

Baban Tattabaru, Tafo:

Hajiya, a gafarce ni, zanen nan zai yi wa baji, su ma a riƙa dubawa. Kokatil kuwa ba zan ba da shawararsa ba. Bakinsa ba ya zama, zai jawo net ɗin ta tsakanin wayoyi ya tauna, zaren ya taru masa a maƙoshi. Nasa a je wurin masu yanka gilashi da alminiyam a yanko farar roba mai kama da gilashi, kaurin milimita 2 ko 3, tsawon santimita 20, a huda kusurwoyi a ɗaure ta waje. Gefe uku kawai, kuma iya ƙasa. Wanda ya rufe keji da roba har sama a zafin Fabrairu da Maris ya gina wa tsuntsunsa tanda.

Amma abin da ya fi damuna a tambayarka, ɗan'uwa, farar ƙurar nan ce. Ba ta hunturu ba ce. Kokatil da aku mai jan wutsiya da tattabara suna da wani irin laushin gashi a jikin fata wanda bakinsa yake marmashewa ya zama gari kamar hoda, da shi suke gyara gashinsu. Lafiyayyen tsuntsu ma yana fitar da shi, babu maganin da zai tsayar. Rage shi ake yi da wanka: faranti mai faɗi, ruwa mai tsafta zurfin santimita 2, sau biyu ko uku a mako, da hantsi don su bushe kafin yamma. Wanda ya ƙi shiga a fesa masa ruwa sama da kansa ya sauko kamar yayyafi. Ba sabulu, ba komai. Da hunturu a ƙara, don iskar ta bushe, garin ya fi tashi.

Sharar da kake yi sau biyu da busasshiyar tsintsiya ita take ɗaga garin nan da busasshen kashi sama, kai da iyalinka ku shaƙa. Ta wannan hanya ake kamuwa da zazzaɓin aku, ciwon da yake zuwa da zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari, kuma a nan kowa zai ce maleriya ce. Akwai kuma ciwon huhu da yake kama masu kiwon tsuntsaye bayan shekaru suna shaƙar ƙurar. In tari ya ƙi jin magani a gidan, a gaya wa likita akwai tsuntsaye. Saboda haka yayyafa ruwa kafin shara, ko ka bi da jiƙaƙƙen tsumma. Gilashin taga da saman keji su ma da jiƙaƙƙen tsumma. Shimfiɗa ledar ɗaki ƙarƙashin kejin ta zarce kowane gefe da santimita 50 zuwa 60, sai aikin ya koma goge wuri ɗaya. Sannan duba fanka. In tana hura kejin, ko kejin yana daidai mashigar iskar baranda, duk dabarar da aka ba ka iska za ta warware ta. Matsar da bayansa kusa da bango, a kusurwa.

Mai Baji, Aboabo:

Allah ya saka da alheri, iyayena. Saura biyu. An ce in zuba dusar katako a tiren ƙasa don ta shanye kashi, ga ta nan kyauta wurin kafintoci. Sannan ɓeraye da tururuwa fa, in sa magani?

Mai Kanari, Asawase:

Dusar katako ta bar wa masu kajin gona. A keji ƙaramin fiffike ma yana watsa ta, ka ƙara wa kanka shara. Ba ka san irin itacen ba, ba ka san ko an yi masa feshin maganin gara ba. In ta jiƙe kuma a damshin Kumasi fumfuna take yi daga ƙasa alhali samanta a bushe, irin fumfunar da take kama huhun tsuntsu. Tsohuwar jarida ta fi. Yanka ta daidai tiren, jera falle bakwai, kullum ka naɗe na sama ka jefar, ranar da ta ƙare ka wanke tiren. Ban da takarda mai sheƙi. Wani amfanin jarida shi ne kana ganin kashin kowace rana, in ya sauya launi ko ya zama ruwa za ka sani da wuri.

Wankin tire da kwanuka ruwan zafi da sabulun wanke-wanke ya isa. Sau ɗaya a wata a yi na kashe ƙwayoyin cuta: bilic irin su Parazone cokalin cin abinci 2 a lita 1 na ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye sosai, a shanya a rana har warin ya tafi, tsuntsayen suna can nesa. Kada a haɗa bilic da ruwan khal, hayaƙi mai guba suke fitarwa.

Ɓera abinci ya kawo shi, kuma da dare yake aiki. Bayan magariba tsuntsayen nan ba sa ci, to cire kwanukan, goge ledar, ka mayar da asuba. Geron ya koma bokiti mai murfi mai kamawa, ba buhu ba, kuma kada ka sayi fiye da na wata guda. In akwai firiza, kwana uku a cikinta yana kashe ƙwarin hatsi, sai a bar shi ya huce a rufe kafin a buɗe don kada ya yi gumi. Tarko ya fi guba a gidan da yara suke wasa a tsakar gida. Tururuwa kuwa a sa ƙafafun teburin kejin cikin gwangwanin madara da ruwa da ɗigon sabulu, kejin kuma kada ya taɓa bango, a bar tazarar yatsu huɗu. Feshin maganin sauro da wanda ake kunnawa kada su kusanci barandar. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, abin da zai sa ka atishawa shi kashe shi yake yi. Turaren wuta ma a yi nesa da su.

Baban Tattabaru, Tafo:

Gashin da kake tsinta ma ka riƙa duba shi kafin ka zubar. Na sauyin gashi cikakke yake faɗowa da tsinkensa, na 'yan makonni, kuma ba ya barin fata a fili. In ka ga gashi a tattaune, ko ƙirji ya yi sanƙo alhali kai lafiya lau, tsuntsun ne yake fige kansa. In kan ne ya yi sanƙo, sau da yawa abokin zamansa ne yake fige shi, a raba su. In kana zargin ƙuma, rufa farin ƙyalle a kan kejin da dare, da asuba ka duba cikinsa, za ka ga jajayen ɗigo suna motsi. Wannan da duk gashin da ya fito a murɗe aikin likitan dabbobi ne, ga ofishinsu na gwamnati, ga makarantar likitocin dabbobi ta jami'ar KNUST. Kada ka barbaɗa musu hodar kaji da ka.