Botox da Hausa fa, me za mu ce masa?

Mai tambaya: Salam jama'a, masu Hausa a kawo ɗauki. Ina fassara wani ɗan bayani na wayar da kai kan hanyoyin rage tamojin fuska, komai na tafiya daidai sai da na zo kan Botox na tsaya cak. Na rubuta "allurar gyaran fuska" na goge, na rubuta "allurar tamoji" na sake gogewa, don a ƙasa kaɗan ga wata allurar kuma da suke ce wa fila, ita ma a fuska ake yinta kuma don tamojin ake yi, toh in na ce allurar tamoji wacce kenan a ciki? Kuma bana son in bar shi Botox kawai, don sunan kayan kamfani ne ba sunan maganin ba, akwai Dysport akwai Xeomin duk dafi iri ɗaya ne a cikinsu. Ina son kalmar da in mace ta ji zata san me za a yi mata kafin ta miƙa goshinta.

Wani ɗan'uwa: Allurar yarinta mana, an wuce wajen hhh

Mai tambaya: Kai dai bari, wannan ai sunan masu talla ne. Wata uku ko huɗu ta sake ki ki dawo inda kike, wace irin yarinta ce haka.

Anti nas: Ƙanwata kafin a raɗa suna a fara ganin jaririn tukun. Ki je gaban madubi yanzu ki ɗaga gira sama, zaki ga layuka sun fito a goshi a kwance, ki haɗe rai kamar an taɓa miki waya zaki ga wasu guda biyu a tsaye tsakanin gira, ki yi dariya ki duba gefen ido. Toh ki saki fuskar. Waɗanda suka ɓace da kika saki tsoka ce ke kawo su, tana motsi tana naɗe fatar da ke kanta, waɗanda kuma suka zauna ko kina barci suna nan to fatar ce da kanta ta saki, ta rasa abin da ke riƙe ta saboda shekaru da rana da taba ga mai sha. Botox na farkon yake wa aiki. Shi dafi ne da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, ana tace shi a ɗauki ɗan mitsitsi a tsira a cikin tsokar, sai ya tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka cewa ta motsa. Saƙo bai iso ba, tsoka bata tsuke ba, fata bata naɗe ba, shikenan. Baya cike komai baya goge komai. Kuma ba nan take yake ci ba, sai bayan 'yan kwanaki ya fara, wajen sati biyu ya gama kamawa.

Mai tambaya: Wallahi Anti na tashi na je madubin, biyun nan na tsakanin gira ko na saki fuska suna nan kamar an yi su da reza, na gode da tonon asiri. Amma kin bani kalmomi biyu ba tare da kin sani ba, tamojin motsi da tamojin zama. Na ɗauka.

Malamin Hausa: Tamojin motsi ya yi. Na biyun ni da zaunannen tamoji zan ce, ya fi faɗawa a kunne, kamar yadda ake cewa zaunannen ciwo. A kan allurar kuwa, in dai yadda Hajiya ta bayyana ne, aikatau uku nake gani a gabanmu: daskare, sage, kwanta. Daskarewa ta abin da yake ruwa-ruwa ne ya yi tauri, ita kuwa tsokar nan ba tauri take yi ba, laushi ma take. Sagewa ta fi kusa, in mutum ya kwanta kan hannunsa ya tashi ya kasa ɗaga shi ai cewa yake hannuna ya sage. Sai mu ce allurar sagar da tsoka.

Anti nas: Malam akwai ɗan gyara. Hannun da ya sage baka jin sa sosai ko an mintsine ka, shi ko wannan jin taɓawa na nan lafiya lau, ki taɓa goshin zaki ji, motsin ne kawai babu. In muka ce sagewa wasu zasu ɗauka allurar kashe zafi ce irin ta cire haƙori.

Malamin Hausa: Toh na karɓa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata 'yar'uwa: Ni fa ban ga abin wahala ba, allurar sakin fuska kawai. Tunda dai in an yi miki ko kin so ki ɗaure fuska bazata ɗauru ba 😂 akwai waɗanda zan biya musu da kuɗina a yi musu

Mai tambaya: Hhh wannan ta bani dariya sosai kuma gaskiya sai da na rubuta ta a takarda na kalla, don ta faɗi ainihin abin, tsokar haɗe gira ce ake saki. Matsalar sakin fuska ta riga ta yi aure a Hausa, fara'a ce da karɓar baƙo hannu bibbiyu, wanda ya karanta zai zaci maganin baƙin rai ne. Kuma in an cika allurar ba fara'a ake gani ba, fuska ce a shafe, baki na dariya goshi bai san ana yi ba. Sannan ga wani abu, maganin nan asalinsa ba na kwalliya bane sam. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, shi ya fara tsira wa mutane a ƙarshen shekarun 1970 don gyara harara-garke, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1989 don ciwon ido, lokacin sunansa Oculinum, daga baya kamfanin Allergan ya saye ya maida shi Botox. Zancen tamoji kuwa a Kanada aka tsinto shi, wata likitar ido Jean Carruthers tana yi wa masu ciwon tsukewar fatar ido ta lura layukan tsakanin girarsu na ɓacewa, mijinta Alastair kuma likitan fata ne, suka bi abin tare. Sai 2002 aka amince da shi don kwalliya. Yau har masu ciwon kai na ɓari ɗaya da ya ƙi jin magani ana yi musu. Toh kun ga in muka liƙa masa fuska a suna mun matse shi.

Wani dattijo: Ku kira abu da sunansa, allurar dafi ce. Ku daina ɓoye wa mutane.

Anti nas: Baba gaskiya ne dafi ne, kuma yana cikin mafiya ƙarfi da aka sani, shi ne ke shanye jikin mutum in ya ci abincin gwangwani da ya lalace. Amma in ka ce allurar dafi a takardar wayar da kai, wanda ke buƙatarta don ciwon wuya ko ido zai gudu. A sa dafin a cikin bayani, layi na farko ma, kar dai ya zama shi ne sunan. Kuma a faɗi illar ƙarara: in ya zarce inda ba a nufa ba fatar ido na iya zubowa ta rufe rabin ido na tsawon makonni, kuma ba a yi wa mai ciki.

Mai tambaya: Toh saura kwanta kenan cikin ukun Malam. Allurar kwantar da tsoka. Na maimaita ta a baki sau biyar bata min nauyi ba, kuma abin da ya kwanta ai zai tashi, wato har ƙarewar aikinta bayan 'yan watanni na cikin sunan.

Malamin Hausa: Madalla, ta zauna. Fila kuwa kar ku sha wahala, ciko ne. Muna da cikon haƙori, kowa ya san an sa wani abu ne inda ya rame ko ya rarake. Allurar ciko.

Anti nas: Wannan kam ɗari bisa ɗari. Yawanci wani abu ne mai yauƙi kamar ƙaro da ake kira hayaluronik asid, dama akwai shi a jikin mutum, yana riƙe ruwa, sai a ɗura shi ƙarƙashin fata ya ɗago ramin, kamar layin nan da ke saukowa daga gefen hanci zuwa gefen baki ko kumatun da suka faɗa. Yakan kai wata shida zuwa shekara ɗaya da wani abu, kuma irin wannan akwai allurar narkar da shi in ba a so. Amma don Allah ƙanwata a nan kar ki rubuta jijiya kawai ki wuce, jijiya a Hausa ta yi yawa, ta jini jijiya, ta kai saƙo jijiya, ta agara ma jijiya. Haɗarin ciko shi ne ya shiga jijiyar JINI ya toshe ta, fatar wurin ta mutu, wani lokacin har makanta duk da ba kasafai ba. Shi yasa nake jin haushi in na ji ana kiran komai Botox, mace ta zo tana son a kwantar mata da goshi a ɗura mata ciko a hannun wanda bai san inda jijiyoyin suke bi ba.

Wani ɗan'uwa: Toh tiyatar da ake jan fata baya fa? Kar dai ku ce ɗaure fuska

Mai tambaya: A'a hhh, tiyatar ɗame fuska na sa, kamar yadda ake ɗame fatar ganga. Wanda ake shafa sinadari fatar sama ta ɗaye sabuwa ta fito kuma na sa maganin saɓa, irin ta maciji, na ƙara da cewa mai duhun fata ta yi hattara don yana iya bar mata baƙin tabo. Layukan gefen ido Turawa na kamanta su da sawun hankaka, ni dai tamojin dariya na rubuta.

Anti nas: Saura abu ɗaya kar in yi shiru. Ana yin allurar nan a hammata don masu yawan gumi, can kuma ba tsoka take kwantarwa ba, inda gumin ke fitowa take hana aiki. Toh sunan namu bai rufe wannan ba.

Mai tambaya: Kash. Toh ni dai takardata ta fuska ce, zan tafi da allurar kwantar da tsoka da allurar ciko, wanda zai fassara ta hammata ya buɗe nasa zancen. Yanzu leza ce ta rage min, na sa "ƙona fata da haske" sai na ga kamar zan tsorata mutane, Malam kana nan?