Dashen ƙwayoyin zuciya: muhawara a zauren gidanmu na Ƙofar Soro

Auta: Salamu alaikum. Na ga bidiyo wai an gama, ana dasa ƙwayoyin halitta na tushe, wato waɗanda ke iya rikiɗewa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki, sai zuciyar da ta lalace ta koma sabuwa. Mu haɗa kuɗi mu fitar da Baba waje.

Yaya Likita: Wa alaikumus salam. Auta, ba a gama ba. A 2014 Charles Murry na Jami'ar Washington a Amurka ya toshe jijiyar zuciyar birai, sannan ya yi musu allurar ƙwayoyin tsokar zuciya da aka samar daga ƙwayoyin tushe, kusan biliyan ɗaya. Sun kama, sun zama tsoka. Amma bugun zuciyar biran ya rikice.

Kawu: To ai kin faɗa da bakinki, sun kama. Tsokar zuciya in ta mutu tabo take zama, ga shi an sa ta tsiro. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, 'yata.

Yaya Likita: Gaskiya ne Kawu, ni ma abin yana burge ni. Tun da masanin kimiyya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayar fata ta tushe a 2006, hanya ta buɗe. Sai dai zuciyar ɓera tana bugawa fiye da sau 500 a minti, shi ya sa rikicewar ba ta bayyana a jikinsa ba, sai da aka kai ga biri da alade.

Auta: Amma a birnin Osaka na Japan an yi wa mutum irin wannan dashen a 2020.

Yaya Likita: Abin da aka yi a 2020 gwaji ne a kan 'yan mutane kaɗan, ba magani na sayarwa ba. Ka tuna a 2001 an ce ɓargon ƙashi na gyara zuciyar ɓera, duniya ta ɗauka, amma a 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye takardun bincike 31 na ɗakin binciken masanin da ya faɗi haka.

Anti: Ni tambayata ɗaya. Baba jijiya ce ta toshe masa?

Yaya Likita: A'a Anti. Hawan jini ne ya gajiyar da zuciyarsa, ba irin ciwon da aka sa wa biran ba ne.

Kawu: Duk da haka ban cire rai ba. Allah ya ba shi lafiya.

Anti: Amin. Auta, kuɗin da za ka bayar kawo su, maganinsa na wata ya ƙare tun Talata.