Gidan Harewood na kusa da Leeds, wa ya san tarihinsa?

Ummu_Hanif:
Salam jama'a. Jiya muka je Harewood House da yara, wallahi na jima a tsaye ina kallon ginin kawai. Ƙofa a tsakiya, tagogin dama daidai da na hagu ba wadda ta kauce, silin ɗin ɗakunan kuwa duk ado ne har wuyana ya ƙage don kallon sama. Sun ce wai ginin Georgian ne, me hakan ke nufi? Kuma don Allah ina mutum ɗaya ya samo kuɗin wannan aiki?

Injiniya_SK:
Wa alaikumus salam Hajiya. Zamanin sarakunan Ingila huɗu ne masu suna George, daga 1714 zuwa 1830. Wannan daidaiton da kika gani daga Palladio suka kwaso shi, wani mai zanen gini ɗan Italiya. Edwin Lascelles ne ya sa aka gina daga 1759 zuwa 1771, John Carr ya zana gidan, Robert Adam ya yi adon ciki, kujeru da tebura kuma aikin wani shahararren kafinta ne mai suna Chippendale. Ni abin da ya fi burge ni ma filin ne, za ki ɗauka haka Allah ya yi shi alhali tsara shi wani mai tsara lambuna, Capability Brown, ya yi, har tafkin nan tare rafi aka yi ya taru.

DanBorno77:
Injiniya ka tsallake tambayarta ta biyu ai. Kuɗin rake ne da bayi, a Barbados da sauran tsibiran Caribbean. 'Yan Afirka ne suka yi ta saran rake cikin rana har aka ɗora waɗannan duwatsun. Da aka haramta bautar ma iyalan Lascelles aka biya diyya, sama da fam 26,000 kan bayi 1,277, su bayin ko kwabo.

Ummu_Hanif:
Innalillahi. Ni da nake ta ɗaukan hoto ina murna, yanzu jikina ya yi sanyi gaskiya.

Injiniya_SK:
Gaskiyarka ɗan'uwa, bai kamata na tsallake ba. Amma Hajiya ki koma da yaran, masu kula da gidan ma yanzu ba sa ɓoye zancen. Ki nuna musu silin ɗin ki faɗa musu gumin wa ya biya. In kin je ki lura da benen sama, Charles Barry ne ya ƙara shi wajen 1840 da wani abu, ba ya cikin ginin asali.